Masaukin Hutu Na Bakin Teku: Me Ake Saye A Can?

In ka sami dattijo a Gidan Kwano, ko a wani ƙauye na kan hanyar Minna zuwa Bida, ka ce masa akwai mutanen da ke biyan kuɗi masu yawa don a kai su inda ba kasuwa, ba mota, ba maƙwabci, su kwana a ɗaki mai jinka, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe mu cikin daula muke ba mu sani ba!" To, wannan ba tatsuniya ba ce. Akwai irin waɗannan masaukai a bakin teku a ƙasashe masu zafi, har da tamu. Yanzu hotunansu sun cika wayoyin hannu, yara suna gani, gobe kuwa ku za su tambaya cikin darasin labarin ƙasa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Saboda haka ya kamata mu san abin da ake sayarwa a can, da abin da ya sa yake da tsada, da kuma wanda ke biyan sauran kuɗin da ba a rubuta wa baƙo a takarda.

Irin masaukin

Masauki ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da zango, suna da fatoma mai saukar da su. Zamanin Turawa kuma aka giggina bariki a kan hanya, inda ma'aikaci mai rangadi zai kwana. Amma duk waɗannan na mai wucewa ne, ya kwana ya yi gaba. Wannan da muke magana a kansa shi ne ƙarshen tafiyar. Mutum ya zo ne don ya zauna kwana uku ko mako guda, ba ciniki, ba ziyara, sai hutawa kurum.

Turawa suna kiran irin ƙanana daga cikinsu "butik", kalmar Faransanci ce mai nufin ɗan ƙaramin kanti. Dalili kuwa, babban otal yana da ɗakuna ɗari biyu ko fiye, shi kuwa wannan ba ya cika wuce ashirin ko talatin. Sau da yawa ɗakunan a warwatse suke ƙarƙashin itatuwan kwakwar Attagara, ko wanne da 'yar barandarsa mai kallon ruwa. Ma'aikata sun san sunan kowane baƙo da irin abincin da ya fi so.

Asalin al'adar

A dā mutanen Ingila ma ba su ɗauki bakin teku wurin shaƙatawa ba, wurin masunta ne da haɗari. A 1750 wani likita, Richard Russell, ya wallafa littafi yana cewa ruwan teku magani ne. Masu hali suka fara zuwa garin Brighton wanka. A 1841 jirgin ƙasa ya isa garin daga London, sai talakawa ma suka riƙa zuwa, wuri ya cika. Da masu kuɗi suka ga haka sai suka nemi gaba. Haka abin ya yi ta tafiya, ko ina jama'a suka cika sai a nemi inda ba su kai ba, har jiragen sama masu sauri suka yawaita bayan 1958, ƙasashe masu zafi suka zama tafiyar yini guda daga Turai.

Misali mafi kyau shi ne ƙasar Maldibs, ƙasar Musulmi ce a Tekun Indiya, mai tsibirai kusan 1,200. An buɗe masaukin baƙi na fari a can a 1972. Dabararsu ita ce tsibiri guda masauki guda, ba kowa a kai sai baƙi da ma'aikata. Sai a 2009 hukuma ta yarda a buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutanen ƙasa ke zaune.

A ƙasarmu gaɓar teku ta kai kilomita 853, daga Badagiri har iyakar Kamaru. A jihar Ikko akwai La Campagne Tropicana a yankin Ibeju-Lekki, akwai Whispering Palms kusa da Badagiri, a bakin tafkin da ke haɗe da teku. Akwai kuma wurare irin su Ilashe da Tarkwa Bay, waɗanda ba a zuwa sai ta jirgin ruwa.

Abin da ya sa tsada

Abin da baƙo ke saye a nan shiru ne da nisa. Gado da abinci ana samunsu ko ina da araha. Amma nisa yana da kuɗi. Ku duba: wuri ba famfo, ba wutar gwamnati, ba kasuwa. Ruwan teku ba ya shayuwa, gama ko wace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Tilas mai masauki ya haƙa rijiya, ko ya tara ruwan sama, ko ya sayi na'urar cire gishiri, wadda ke cin wuta ƙwarai. Wutar ma nasa ne, ko ta janareta ko ta hasken rana. Shinkafa, mai, sabulu, duka sai an yi dakonsu a kwalekwale. Har wa yau iskar teku tana da gishiri, tana cin ƙarfe, kwanon rufi da zai daɗe a Minna a can nan da nan sai tsatsa ta huda shi.

Ga lissafi da za ku iya bai wa 'yan aji shida. Masauki biyu, ko wanne yana bukatar jirgin ruwa ɗaya, da janareta ɗaya, da mai gadi. Ɗaya yana da ɗakuna 200, ɗaya yana da 20. Ashe kun ga kason da zai faɗa kan kowane ɗaki a na biyun ya ninka na farkon sau goma. Ƙara da cewa da damina baƙi sukan ɗauke ƙafa, alhali albashin ma'aikata ba ya tsayawa. Watau kuɗin rani shi ke ciyar da damina.

Abin da baƙo zai kiyaye

Na fari, teku ba kogi ba ne. Kogin Chanchaga yakan cika da damina ya janye da rani, teku kuwa sau biyu take cika, sau biyu take janyewa, cikin kowane yini da dare. Wata ne ke janta. Kullum lokacin cikar yana jinkirta da kamar minti 50 a kan na jiya, kuma ta fi cika a tsayuwar wata da daren sha huɗu. A Ikko tsakanin cika da janyewa bai fi kamar mita ɗaya ba, amma a Zanzibar yakan kai mita uku ko huɗu, har mutum ya yi tafiya mai nisa a kan rairayin da ɗazu ruwa ne. Wanda ya yi nisa bai lura da lokaci ba, ruwa zai dawo ya tare masa hanya.

Na biyu shi ne mafi haɗari. Igiyoyin ruwa suna ta turo ruwa gaɓa, ruwan nan kuwa tilas ya koma. Wani lokaci sai ya tattaru ya koma ta hanya guda 'yar siririya, da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Abin takaici, wurin yakan yi kamar ya fi ko ina kwanciya, sai baƙo ya zaɓe shi. Gaɓar Ikko da ta Gana sun yi suna da wannan. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da ruwan yana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Sai ya yi iyo ta gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar, sa'an nan ya nufo tudu. Wanda bai iya iyo ba, iyakarsa gwiwa.

Na uku, iska mai daɗi tana ruɗin mutum. Da rana ƙasa takan riga ruwa yin zafi, iskar kanta ta tashi sama, mai sanyi ta taho daga teku ta maye gurbinta. Da dare abin ya juya. Sanyin nan yakan sa mutum ya manta da rana da ƙishirwa, alhali ranar tana nan da ƙarfinta. A yawaita shan ruwa, a nemi inuwa da tsakar rana. Sauro ma yana nan, a tabbata akwai gidan sauro.

Na huɗu, nisan da ka saya shi ne nisanka da asibiti. Kafin ka biya ko kwabo, tambayi mai masauki: in ciwo ya tashi da dare, akwai jirgin da zai fita? Awa nawa ne zuwa likita? Akwai rigar ceto ga kowane mai shiga jirgin? Akwai mai tsaron masu wanka? Ka tambayi kuma irin abincin da ake dafawa da yadda ake yanka, don kada ka je ka wuni da yunwa a wurin da ba wani kanti. Tambaya ba ta ɓata tafiya. A lura da lokaci kuma: a gaɓar Ikko ruwan sama ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa sarari ne.

Masu gida

Hoton talla yakan nuna rairayi fari fat ba kowa, kamar ba a taɓa taka shi ba. Amma da wuya a sami gaɓar da ba ta da masu ita. Masunta suna jan kwalekwalensu a nan, suna shanya koma, suna ƙyafe kifi. A gabashin Zanzibar, a ƙauyuka irin su Paje da Jambiani, mata suna noman ciyawar teku tun wajen 1989, a cikin ruwan da baƙi ke son wanka. In aka kewaye gaɓa don baƙo ya sami shiru, an tare wa wani hanyar abincinsa ke nan.

Ruwan sha ma haka. A bakin teku ruwa mai daɗi yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa a kan ruwan gishiri. In masauki ya zuƙa da yawa don wanka da ban ruwan furanni, sai na gishiri ya taso, rijiyar ƙauye ta yi zartsi. Baƙo ya tafi bayan mako guda, mai gida yana nan da rijiyarsa.

Har dabbobi suna da rabo a ciki. Kififiyar teku takan fito da dare ta haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai wajen ɗari. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su nufi inda ya fi haske, watau fuskar teku. In fitilun masauki suka fi teku haske, sai su juya baya su nufi tudu su mutu. Don haka masaukin kirki yakan rage fitilu a lokacin, ya bar wa masunta mashigarsu, ya sayi kifinsu, ya ɗauki 'ya'yansu aiki ya koya musu. Da wannan ake gane na kirki, ba da kyan hoto ba.

Namu na gida

Jihar Neja ba ta da teku, amma tana da abin da ya yi kusa. An fara gina madatsar Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 135. A yammacinsa, a ƙasar Borgu, akwai Shagunu, inda ake samun rairayi a bakin ruwa, kusa kuma ga gandun namun daji na Kainji. Duk abin da ake tafiya ƙasar waje nema, faɗin ruwa, da faɗuwar rana a kansa, da ɗanyen kifi, da shiru, akwai shi a nan.

Darussan da muka lissafa ma duk suna nan. Tafkin nan ya cinye tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu, aka gina Sabuwar Busa. Ashe ko wannan shirun wasu ne suka biya shi. Ruwan tafki yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ba a samu a ruwan gishiri. A ƙarƙashinsa akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, masu fasa jirgi. A watan Mayu 2021 wani jirgi da ya yi lodi fiye da kima ya kife kusa da Wara, mutane da yawa suka rasu. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya addabi dajin, baƙo kuwa ba ya zuwa hutu inda zai kwana da ido ɗaya. Kafin a yi maganar ɗakuna masu kyau, sai an fara da zaman lafiya, da hanya, da jirgi mai rigar ceto, da yardar masuntan wurin.

Aikin malami

'Yan'uwa, ba lalle sai kun kai yara Ikko ba. Ku kai su madatsar Tagwai a nan Minna, ko magangarar Gurara, bayan kun nemi izini kun tabbatar da lafiyar hanya. Ku sa su tsaya a bakin ruwa su amsa tambaya uku. In za a gina masauki a nan, daga ina ruwan sha da wuta za su fito? Wane ne ke amfani da wurin nan yanzu, ina za shi in an kewaye? In wani ya faɗa ruwa, wa zai cece shi? Yaron da ya iya amsa waɗannan ya fahimci masaukin Maldibs ko da bai taɓa hawa jirgin sama ba. Wata rana ma watakila shi zai gina na Shagunu, ya gina shi yadda mai gida da baƙo duka za su sa masa albarka.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu ga wannan rana.