Bangon da ke gumi: maganin danshi a ɗakunan ƙasa na Jos

Duk wanda ya taɓa kama hayar shago ko sito a ƙasan bene a Jos ya san warin nan. Ka buɗe ƙofa da safe a watan Agusta, wari irin na tsumman da ya kwana a bokiti ya tare ka. Fenti ya kumbura, wani farin gari kamar kanwa ya feso a gindin bango, buhun da ka jingina jiya ya jiƙe ta baya. Abin da mai gida zai fara cewa shi ne a kira mai fenti, kuma daga nan asarar ke somawa.

Jos gari ne a kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma ruwan da ke sauka a shekara yakan kai wajen milimita 1,400, mafi yawansa tsakanin Afrilu da Oktoba. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 yana zubar da kusan lita 140,000 ke nan a damina guda. In babu indararo da magudana, duk wannan a gindin gini yake sauka. Ga shi ƙasar garin dutse ce a ƙarƙashi, ruwa ba ya nutsewa da nisa, sai ya bi gangare. A unguwanni masu duwatsu irin su Tudun Wada da Jenta, gidaje da yawa an yanki tudu ne aka gina su, bangon baya na ɗakin ƙasa yana manne da ƙasa. Wannan bango ya zama madatsar ruwa, alhali da bulo mai rami aka yi shi. Ruwan da ya taru zurfin mita ɗaya yana danna kowane murabba'in mita na gindin bango da nauyin da ya kusa tan guda. Wane fenti ne zai tare wannan?

Amma kafin a kashe ko sisi, a gano daga ina danshin yake. Wani daga ƙasa yake hawowa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Wani ta bayan bango yake kutsowa. Wani kuwa gumi ne kawai: iska mai laima ta taɓa bango mai sanyi ta zama raɓa, abin da sanyin Jos ke haddasawa fiye da yadda mutanen Kano ko Sakkwato suka saba gani. Gwajin ba ya cin kuɗi. A manna leda a bango, a liƙe gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana biyu. In bayan ledar ne ya jiƙe, ruwan daga cikin bango yake. In fuskarta ce, ɗakin ne ba ya shan iska, kuma taga ko ƙofar iska ta isa.

In daga bango ne, aikin a waje yake. A tone bayan bangon har zuwa tushe, a wanke, a toshe tsaga da siminti, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yi filasta, a shafe ta da kwalta, a rufe da leda mai kauri. A gindin ramin a shimfiɗa bututu mai huji-huji cikin tsakuwa, ya gangara zuwa kwata, sannan a cike da tsakuwa maimakon jar ƙasar da aka tono. Ƙasar saman kuma a karkata ta, ruwa ya riƙa gudu daga gini. Aiki ne mai wahala, shi ya sa magina da yawa ba sa son kawo zancensa.

Wani lokaci tono ba ya yiwuwa, ko don dutse ko don ginin maƙwabci. To, sai a koma ciki: a kankare tsohuwar filasta har bulo ya bayyana, a goge farin gishirin da busasshen buroshi, a sake filasta da siminti kashi ɗaya, yashi kashi uku, haɗe da garin hana ruwa da ake sayarwa a shagunan kayan gini. Wannan ragewa yake yi. Ruwan yana nan a baya yana neman hanya. A yi ta ban ruwa kwana bakwai, domin iskar hunturu tana busar da filasta da wuri ta tsattsage, kuma siminti sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfinsa.

Na taɓa zama a wani gida da aka lulluɓe bangonsa da tayil har ƙugu don a ɓoye danshi. Damina ɗaya aka yi, tabon ya bayyana a saman tayil ɗin. Fenti mai mai ma haka yake, yana kulle ruwa a ciki har ya ɓare. Fentin ruwa ya fi, don bango yana numfashi ta cikinsa, kuma kada a shafa shi sai bangon ya bushe sarai.

Akwai wani dalilin barin ƙofar iska ko da danshi ya tafi. Fumfuna tana tayar da asma, musamman ga yara. Sannan duwatsu irin na Filato suna fitar da wata iska marar wari da ake kira radon, wadda ke taruwa a rufaffen ɗakin ƙasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin manyan masu jawo kansar huhu bayan taba. Saboda irin wannan haɗari, yashin da aka kwaso daga tsoffin wuraren wankin kuza ma a guje shi wajen filasta.

Mai gida, in bangonka ya yi gumi bana, sa alama da alli a inda ruwan ya kai, ka nemi magini tsakanin Nuwamba da Maris, kafin ruwan Afrilu ya sauka.