Batirin Inbata a Gida: Wanne Za a Saya, Ina Za a Ajiye Shi?

A Diguel, kamar sauran unguwannin Njamena, wutar lantarki takan ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba, musamman a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Shi ya sa gidaje da yawa suka sayi inbata da batir, wasu har da sola. Fanka tana taimakon jariri da tsoho su yi barci cikin zafi, wannan gaskiya ne. Amma batir akwati ne mai ɗauke da asid da dalma, kuma yana fitar da iska mai kama wuta.

Kada ku sayi batirin mota don inbata. An yi shi ne don ya tada inji cikin daƙiƙa kaɗan, ba don ya ja fanka dare guda ba. Ku nemi wanda aka yi don sola ko inbata. Mai ruwa ya fi jure zafinmu, sai dai yana bukatar a riƙa ƙara masa tataccen ruwan batir, ba ruwan rijiya ko na famfo ba. Rufaffe, wanda ake kira jel, ba ya son wahala, amma idan zafi ya busar da shi ba shi da gyara. Na litiyom ya fi daɗewa, ya fi tsada. Ku sa a auna nauyi tun a shago: batirin dalma mai 200Ah na gaske yakan kai wajen kilo 55 zuwa 60. Idan yaro zai iya ɗaga shi, rubutun jikinsa ƙarya ne.

Batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe wat 2,400 na awa guda, amma rabi kawai ya kamata a ci, in ba haka ba zai mutu da wuri. Rabin nan zai riƙe fanka ɗaya da ƙwan fitila huɗu marasa cin wuta kimanin awa 10. Dutsen guga ba ya cikin wannan lissafi. Kada kuma a haɗa tsohon batir da sabo.

Wurin ajiya shi ne ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Mutane sukan tura batir ƙarƙashin gado don tsoron ɓarawo. Lokacin caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ba a gani kuma ba ta da wari. Idan ta taru a rufaffen ɗaki, ashana ko maganin sauro na kunnawa ya isa ya fasa batirin, asid ya watsu a fuska. Ku ajiye shi a zaure ko ɗan ɗaki mai inuwa, mai taga ta sama, nesa da murhu da tukunyar gas. Ƙarƙashin kwano mara silin ma bai dace ba, domin duk ƙarin digiri 10 bisa 25 yakan rage kwanan batirin dalma da kusan rabi. Ku ɗora shi kan katako mai tsayi saboda ruwan damina, ku yi masa keji mai kwaɗo don yara.

Idan asid ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 20, sannan a zo asibiti. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja. A kawo shi nan da nan. Kuma kada a taɓa zuba asid cikin gorar ruwa ko kwalbar lemo.

Mataccen batir fa? A unguwar Thiaroye-sur-Mer kusa da Dakar, ƙasar Senigal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, domin ana fasa tsofaffin batura ana tankaɗe ƙasar wurin don tsintar dalma. Gubar nan ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta kawo ƙarancin jini da jijjiga, tana kuma ratsawa zuwa ɗan da ke ciki. Ku mayar da tsohon batir wurin mai sayarwa a rufe yadda yake. Kada a fasa shi a tsakar gida, kada a mai da kwandonsa mazubin ruwan kaji ko awaki.