Gubar da Ke Cikin Nakiya da Bam

Kowa ya san nakiya da bam suna kisa idan sun fashe. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, sinadarin da ke cikinsu guba ne ko da bai fashe ba. Wannan magana ta shafi garuruwan da ake fasa dutse ko haƙar ma'adinai kusa da su, da kuma wuraren da aka yi yaƙi, kamar wasu sassan Borno da Yobe da Adamawa.

Sinadarai biyu sun fi yawa cikin kayan yaƙi. Ɗaya sunansa TNT, launinsa rawaya-rawaya. Ɗayan kuwa RDX, fari ne kamar gishiri.

An fara gane sharrin TNT sosai a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Farko, watau 1914 zuwa 1918. Matan da ke ɗura shi cikin harsasai fatarsu ta koma rawaya, har aka yi musu laƙabi da sunan tsuntsun kanari. Wasunsu suka kamu da shawara mai tsanani, hantarsu ta lalace, suka mutu.

Daga baya masana suka gwada shi a kan dabbobi, domin ba a gwada guba a kan mutum. Suka riƙa zuba ɗan kaɗan cikin abincin ɓeraye da karnuka, wata da watanni. Jinin dabbobin ya ragu, saifa ta kumbura, hanta ta taɓu. Fitsarin ɓerayen ya yi ja. Mazansu, marainansu suka lalace. Matan ɓerayen da aka ciyar da shi shekara 2, wasu ƙari ya fito musu a mafitsara. Ku lura, ba lokaci ɗaya suka ci da yawa ba. Kaɗan-kaɗan ne kullum, kamar yadda mutum ke shan ruwan rijiyarsa.

RDX kuma ƙwaƙwalwa yake kamawa. Ɓeraye da karnuka da birai da aka ba su shi sun yi ta faɗuwa suna shure-shure kamar masu farfaɗiya. Haka ya faru ga wasu sojojin Amurka a yaƙin Biyetnam da suka tauna nakiyar da aka yi da shi.

To, yaya gubar ke isa gida? Bam da ya daɗe a ƙasa yakan yi tsatsa ya tsage, ruwan sama ya wanke abin da ke ciki. TNT ya fi maƙalewa a ƙasar wurin, yana kashe tana, idan kuma ya gangara tafki yana cutar kifi. RDX bai cika maƙalewa ba. Yana bin ruwa ya nutse har ya kai ruwan rijiya, tsiro kuma yana zuƙe shi ya kai ganye. Ganyen nan akuya ke ci, mu ma da ganye muke miya.

Nakiyar fasa dutse ita ma tana da nata. Wata iri tana da wani mai da ke ratsa fata ya sa ciwon kai mai tsanani da jiri. Wata kuma da sinadarin da ke cikin wani irin takin zamani ake haɗa ta. Saniya ko tunkiya da ta lashe shi da yawa, jininta yakan koma launin ƙasa-ƙasa, numfashi ya gagare ta, ta mutu cikin sa'o'i kaɗan.

Saboda haka, maigida, kada ka yarda a ajiye nakiya a gidanka, kome kuɗin da za a ba ka. Buhu ko durom da aka zuba ta ciki ba na hatsi ba ne, ba na ruwa ba ne, ko an wanke shi. Uwargida, ki ja kunnen yara: ƙarfen da ba su sani ba a gona ko daji, kada su taɓa, kada su jefe shi da dutse, kada su kai wa masu sayen ƙarafa. A bar wurin, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya sanar da 'yan sanda ko soja. Kada a yi kiwo ko shuka a wurin sai hukuma ta ce an gyara. Masu jefa nakiya a ruwa don kama kifi, ƙanana da manya suke kashewa, hannunsu kuma yana cikin haɗari.

Idan ana zargin rijiya, a daina shan ruwanta, a kai magana wurin jami'in tsabta. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fid da irin wannan guba.

Wanda ya yi aiki da nakiya, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko goro, a kuma wanke tufafinsa daban da na iyali. Idan idonsa ya yi rawaya, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko fitsarinsa ya yi ja, ko ya faɗi yana shure-shure, a kai shi asibiti nan da nan, a faɗa wa likita abin da ya taɓa. Dabbar da ta mutu farat ɗaya kusa da irin wannan wuri, kada a ci namanta, a kira malamin dabbobi ya duba ta.