Kai Karya Barbara: Ina Gaskiya, Ina Shaci-Faɗi?

Tunda manyan karnukan gadi irin su Alsatian da Boerboel suka yi kasuwa a Kaduna, Jos da Abuja, duk mai mace a gida ba ya rasa mai zuga shi: "Ka kai ta barbara mana, 'ya'yan nan kuɗi ne." Zugar kan zo da maganganu iri-iri, wasu da tushe, wasu babu.

Wadda ta fi yawo ita ce wai dole karya ta haihu ko sau ɗaya domin lafiyarta. Likitocin dabbobi sun ce ba haka ba ne. Wadda ba a cire wa mahaifa ba ita ke cikin haɗarin ciwon nan da mahaifa ke cika da mugunya, wanda kan kashe in ba a yi tiyata da wuri ba. A Suwidin an gano yana kama kusan ɗaya cikin huɗu kafin su cika shekara 10, kuma haihuwa ba ta zama rigakafinsa. Cire mahaifar tun tana ƙarama yana kuma rage mata haɗarin dajin nono.

Wai dandaƙa na kashe wa kare zuciya? Ba ta hana shi gadi. Yawon neman mata take ragewa. Inda masu maganar suka dace shi ne ƙiba, domin dandaƙaƙƙen kare kan yi teɓa in ba a rage masa abinci ba.

Masu cewa ciki ɗaya na iya zuwa da uba biyu sun faɗi gaskiya. Karya kan saki ƙwai da yawa a kwanakin da take neman namiji, don haka in ta kuɓuce waje, wanda ya biya kuɗin barbara zai iya tarar da 'ya'yan karen unguwa a ciki. A irin wannan yawon ne ake kwaso wani ƙari mai zubar da jini a al'aura, wanda ke yaɗuwa ta barbara. Maƙalewar da kare da karya suke yi lokacin barbara kuwa halitta ce, takan ɗauki minti 5 zuwa 30. Jifa ko duka don a raba su rauni kawai yake jawowa.

Sai batun "tsantsar iri" da takardar asali. Takarda tana nuna iyaye ne, ba ta shaidar lafiya. Alsatian na gadon ciwon ƙugu, shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙashin uwa da uba kafin a haɗa su. A Ingila, sama da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Bulldog sai da tiyata. A 2023 Kotun Ƙolin Norway ta haramta hayayyafa irin Cavalier King Charles saboda cututtukan gado.

Ribar ma sai an yi lissafi. Cikin yana ɗaukar kimanin kwana 63, manyan iri kan haifi takwas ko fiye, kuma ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8. Kafin nan akwai abinci, maganin tsutsa da allurar cutar fabo mai sa gudawar jini. Wanda bai samu mai saye ba yana nan a wuyan mai gida, har da allurar haukar kare a wata 3. In aka yasar da shi a titi, ya shiga sahun masu yaɗa cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya.