Hunturu ya ƙarato: shirin da ya kamata ka yi wa waya, sola, babur da aljihu

Idan ka shiga YouTube neman yadda ake shirya wa lokacin sanyi, bidiyon 'yan Amurka za ka tarar, suna bayanin tayar ƙanƙara da bututun ruwa mai daskarewa. Babu wanda zai amfane ka a Turawa. Sanyinmu, ko a Disamba da Janairu, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, ruwa kuwa sai a digiri 0 yake daskarewa. Abin da ke ɓata mana kaya ƙura ce da bushewar iska, sai kuma wutar da muke hurawa don jin ɗumi.

Yawancin ƙurar nan daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, iska ta kwaso ta har Karaye da Rogo. Ana iya hango zuwanta. Hukumar NiMet tana sanar da hazo a shafukanta na Facebook da X, manhajar Windy kuma tana da taswirar ƙura da ke nuna kwanaki masu zuwa. Duba ta kafin ka ɗaura tafiyar Kano ko Zariya.

Mu fara da sola. Mutane da yawa suna canza batir a Janairu alhali lafiyarsa ƙalau. Hazo ya rage hasken rana, ƙura ta lulluɓe gilashin fanel, sai batir ya kasa cika da rana, ya mutu tun kafin tsakar dare. Batir irin mai ruwa kuma, idan ya yi makonni ba ya cika, nan ne yake lalacewa da gaske. Ka wanke fanel da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi duk bayan kwana biyu ko uku, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kada ka goge shi a bushe, yashi zai karce shi. Sannan ka rage kayan da kake jonawa da dare.

Ita waya sanyin nan ba ya yi mata komai, zafi ne ke cinye batirinta, don haka kada ka ajiye ta kusa da kasko. Idan caji ya fara yankewa, kafin ka zagi mai sayar da caja, haska bakin cajin da tocila. Sau da yawa ƙura ce ta dunƙule a ciki. Kashe wayar, ka cire dattin a hankali da tsinken sakace na itace, ban da allura.

Batun ɗaki ya fi duk waɗannan nauyi, domin rai ne. Garwashin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. A ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Ka ɗumama ɗakin, ka fitar da kaskon waje kafin a kwanta. Janareta ma haka, a waje, nesa da taga. Sai hitar dafa ruwa: ana jona ta, wuta ta ɗauke, a manta, wutar ta dawo cikin dare. Da zarar an ɗauke wuta, zare ta daga soket. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma a ƙauye bokitin yashi da maƙwabta ne za su fara isa.

Babur da mota kuwa, filtar iska ce ke fara toshewa, musamman a hanyoyin burji na zuwa gonakin rani a gefen dam ɗin Challawa. Alamarta shan mai da rashin ƙarfi. A duba ta, a canza baƙin mai da wuri, a gwada batir, tunda mai rauni da asubar sanyi yake nuna halinsa. Cikin hazo kunna ƙaramar fitila ko da rana ne, domin babbar haskenta dawo maka yake a ido.

Saura aljihu. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na Janairu da Fabrairun 2023 ya san yadda tiransifa ke maƙalewa, masu POS su tsawwala kuɗin cirewa. Ka ajiye ɗan tsabar kuɗi na mai da magani, ka haddace lambar USSD ta bankinka, tunda ba ta buƙatar data. Idan kana da shago, ɗauki hoton littafin bashi da rasitai ka ɗora a Google Drive. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta cinye dubban shaguna a Kano, kuma littafin da ke cikin durowa tare da kaya yake ƙonewa. Bargo da rigunan sanyin yara kuma, a saya tun Nuwamba kafin 'yan gwanjo su ɗaga farashi.