Janareta, bola da danfo: Yadda Jihar Legas ke son rage hayaƙin da ke ɗumama duniya

A watan Yunin 2021 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da kundin shirin Jihar Legas na tunkarar sauyin yanayi, wanda ya shafi shekarar 2020 zuwa 2025. Burin shirin shi ne kafin 2050 hayaƙin da jihar ke fitarwa kada ya zarce wanda itatuwa da sauran hanyoyi za su iya shanyewa. Wannan wa'adi ya riga na Gwamnatin Tarayya da shekara 10, domin 2060 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ambata a taron sauyin yanayi na Glasgow a watan Nuwamban 2021.

Legas tana da dalilin yin gaggawa. Birnin yana kwance ne a bakin Tekun Atlantika, yawancin unguwanninsa ba su ɗara ruwan tsayi sosai ba, kuma duk damina ambaliya kan mamaye titunan Lekki da Victoria Island. Ɗumamar duniya tana ƙara tsayin teku. Idan ruwa ya tsayar da tashar jiragen ruwa ta Apapa, ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da ke jiran kwantena shi ma zai ji a jikinsa.

Daga ina hayaƙin ke fitowa?

Ƙididdigar da aka gina shirin a kanta ta raba hayaƙin gida uku. Fiye da rabi yana fitowa ne daga makamashin da ake ƙonawa a gidaje da shaguna da masana'antu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga shara yake, sannan kusan kashi ɗaya cikin biyar daga sufuri.

Janareta

Kaso mafi girma yana da nasaba da ƙarancin wutar lantarki. Duk inda wuta ta ɗauke, janareta ne ke maye gurbinta, tun daga ƙaramin na mai aski har zuwa babban injin dizal na masana'anta. Ƙananan injuna da yawa sun fi babbar tasha ɗaya ɓarnar mai da yawan hayaƙi a kan wuta iri ɗaya.

Shirin ya dogara ga wutar sola a makarantu da asibitoci da gine-ginen gwamnati, da kuma ƙarfafa 'yan kasuwa su koma gare ta. Dokar lantarki ta ƙasa ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma a watan Disamban 2024 Legas ta yi tata dokar. Idan wuta ta tsaya a layi, mai shago zai kashe janareta ba tare da an tilasta masa ba.

Bola

Mutane da yawa ba su ɗauki shara a matsayin mai ɗumama yanayi ba. Amma ragowar abinci da ruɓaɓɓen kayan gwari, idan aka jibge su inda iska ba ta ratsawa, sukan fitar da iskar metan, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba. Babban jujin Olusosun da ke Ojota ya shafe gomman shekaru yana karɓar sharar birnin.

Nan batun ya taɓa fataken Arewa kai-tsaye. Tumatir da tattasai da albasar da suka lalace a hanya kafin su isa kasuwar Mile 12 asara ce ga mai kaya, kuma a juji suke ƙarewa. Abin da shirin ke so shi ne a riƙa ware irin wannan shara daga roba da ƙarfe, a mayar da ita taki ko iskar girki.

Danfo

Motocin danfo masu launin ɗorawa su ne ƙashin bayan sufurin Legas, kuma cunkoso na sa su ƙona mai suna tsaye. Jihar ta fara manyan bas-bas masu hanyarsu ta daban tun 2008. A watan Satumban 2023 jirgin ƙasa na Blue Line ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2, tafiyar kilomita 13, kuma da lantarki yake aiki. Layin Red Line, wanda aka buɗe a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo ta Agege, da dizal yake tafiya, amma jirgi ɗaya yana kwashe fasinjojin danfo masu yawa.

Inda gizo ke saƙa

Babban cikas shi ne kuɗi. Allon sola da baturi suna buƙatar jari mai kauri a tashin farko, ko da yake tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ta sa masu shaguna da dama sun sake lissafi. Layukan dogo biyu ba za su wadatar da birni mafi yawan jama'a a ƙasar nan ba. Sannan akwai dubban direbobi da kwandastoci da masu tsintar bola waɗanda abincinsu ke cikin tsohon tsarin, kuma duk sauyin da bai tanadar musu madogara ba zai gamu da turjiya.

Hana abu ya fi gina madadinsa sauƙi. A watan Janairun 2024 jihar ta haramta farin mazubin abinci na soso da ke toshe magudanan ruwa. Janareta da danfo kuwa ba su haramtuwa, sai dai a samar da abin da ya fi su araha. Jihohin da ke fama da irin waɗannan matsaloli, kamar Kano da Kaduna, za su iya auna nasarar Legas da abu uku: sa'o'in da wuta ke tsayawa a kasuwa, kuɗin motar ma'aikaci zuwa ofis, da yawan sharar da ke komawa gona a matsayin taki.