Laccar da Ba a Biya a Ɗakin Karatu na Harlem

A unguwar Harlem ta birnin New York akwai Cibiyar Schomburg, reshen ɗakin karatun jama'a na birnin, wadda ta samo suna daga Arturo Schomburg, haifaffen Puerto Rico da ya yi shekaru yana tara littattafai da takardu kan tarihin baƙar fata. A 1926 Gidauniyar Carnegie ta sayi abin da ya tara kan dala 10,000 domin amfanin jama'a. Har yau cibiyar tana gayyato marubuta da masana tarihi su yi magana a gaban kowa, kuma yawancin zaman kyauta ne. A ganina wannan aiki bai gaza ajiye littattafan daraja ba, domin takardar da ke cikin akwati malami kaɗai take amfana, alhali lacca tana kai ta ga direban bas da ɗalibar sakandare.

Wasu za su ce ai a sayi littattafai da kuɗin shirya laccocin ya fi, tunda intanet cike yake da laccoci. Gaskiya ne shirya zama yana cin kuɗi. Amma mai kallo a waya ba ya iya ɗaga hannu ya tambayi marubuci inda ya samo hujjarsa, shi kuwa wanda ke cikin zaure yana iyawa, kuma takardun da ake gardama a kansu suna nan cikin ginin, gobe ma ya dawo ya nemi a fito masa da su.